Wa Za A Gaya Wa? Zaɓen Masu Karɓar Gargaɗi A Jikin Ɗan Adam Da A Na'urorin Sadarwa

Ruwan da kan shiga gonakin Ringim a ƙarshen damina, galibinsa ba a Ringim aka yi shi ba. Yakan faro ne daga kudanci da yammacin Jihar Kano, ya taru a kogin Kano wanda aka datse a Tiga cikin 1974, da kuma kogin Challawa wanda aka datse kusa da Ƙaraye cikin 1992. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunan ya koma kogin Haɗeja, ya gangaro ta ƙasar Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo har Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamun Nguru. A shekarar da ruwan sama ya yi yawa, tafkunan suka cika, rarar ta bi ta mafitar da aka tanadar mata, ta haɗu da ruwan ƙoramu, ta kuma tarar da kwarin kogin ya cushe da yashi da ciyawar kachalla, sai kogi ya yi amai. Haka aka gani a 2001 da 2012 da 2018, kuma haka aka gani a 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya baki ɗaya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Abin lura a nan shi ne, ruwa tafiya yake yi. Wanda ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil yanzu bai iso Ringim ba tukuna, alhali saƙon waya ba ya cin daƙiƙa biyar tsakanin garuruwan biyu. Wannan tazara da ke tsakanin labari da abin da ake ba da labarinsa ita ce jarin duk wani tsarin gargaɗi. Idan aka ɓarnatar da ita sai a koma ihu bayan hari. Yawancin mutane suna ɗauka cewa wuyar aikin ita ce samun na'urar da za ta auna ruwan. A nawa ganin wannan ne ma mafi sauƙi. Inda gizo yake saƙar shi ne tambayar da ke biye: na'ura ta ga ruwa ya ƙaru, to wa za ta gaya wa?

Ga misalin da ya sa na faɗi haka. Ranar 26 ga Disamba 2004 aka yi wata gagarumar girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indunisiya. Cibiyar sa ido kan igiyar tsunami ta tekun Pasifik da ke Hawai ta gano girgizar cikin 'yan mintoci. Igiyar ruwan ba ta isa Siri Lanka ba sai bayan kimanin awa biyu. Amma an kafa cibiyar ne domin ƙasashen Pasifik, kuma babu wani tsararren jerin waɗanda za ta kira a ƙasashen tekun Indiya. Mutane wajen 230,000 ne suka rasu. Ilimi yana nan, na'ura ta yi aikinta, abin da ya rage kawai shi ne adireshi.

Yadda jiki yake yi

Da yake fannina nazarin halittu ne, bari mu fara daga inda na fi sani, domin Hausawa sun ce jiki magayi. Jikin ɗan Adam cike yake da ma'aunai: na zafi da sanyi a fata, na yawan sukari a jini, na bugun jini a manyan jijiyoyin wuya. Kowannensu yana aika labari dare da rana, kuma jiki yana da hanya biyu ta isar da shi.

Hanya ta farko ita ce ta jijiyoyin saƙo. Wannan kamar wayar da aka ja ce daga ɗaki zuwa ɗaki: inda aka kai bakinta, nan kaɗai saƙo zai je. Idan yarinya ta taɓa murfin tukunya mai zafi, saƙo yakan tashi daga yatsa zuwa laka, a nan take lakar ta umarci naman hannu ya janye, sa'an nan wani kwafin labarin ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hannu kan riga baki. An janye kafin a ce wash. Jiki bai jira shugaba ya yi nazari ba, ya fara gaya wa wanda zai iya yin wani abu nan take. Kuma jijiya ba ta tashi a kan kowane ɗan motsi. Tana da ƙarfin lantarki na kimanin milibolt 70 ƙasa da sifiri idan tana hutawa, kuma ba za ta harba saƙo ba sai an taɓa ta har ya hauro wajen 55 ƙasa da sifiri. Abin da bai kai wannan iyaka ba, a nan yake mutuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta sinadaran saƙo da ake kira homon, waɗanda Bayliss da Starling suka gano na farkonsu a Landan cikin 1902. Wannan kuwa kamar mai shela ne a kasuwa. A ce manomi yana cikin gero sai ya yi kiciɓis da kububuwa. Wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda za su zuba sinadarin adirenalin cikin jini, jinin kuma ya kai shi ko'ina, tun daga ƙwayar ido har tafin ƙafa. To me ya hana jiki duka rikicewa? Amsar ita ce, ba kowace ƙwayar halitta ke da kunnen jin wannan shela ba. Sai wadda ke ɗauke da wani furotin a bangonta, wanda za mu kira makarɓi, da sinadarin zai shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Cikin 1948 wani masani ɗan Amurka, Raymond Ahlquist, ya nuna cewa makarɓan adirenalin iri biyu ne, alfa da beta, daga baya aka gano kowannensu ma ya kasu. Saboda haka shela ɗaya ce, amma zuciya ta ƙara gudu, hanta ta saki sukari, hanyoyin iska na huhu su buɗe, jijiyoyin jinin fata da na hanji su tsuke. Kowace gaɓa ta ji, ta kuma san nata aikin.

A riƙe wannan bambanci da kyau, domin za mu sake haɗuwa da shi: a hanya ta farko mai aikawa ne ke zaɓen wanda zai ji, a ta biyu kuwa mai karɓa ne ke tacewa.

Ko kazar gida ta san wani abu daga cikin wannan. Kukan da zakara ke yi idan ya hango shirwa dabam yake da wanda yake yi idan ya ga kare ko muzuru, kuma kaji kan tsuguna su dubi sama a na farko, su miƙe wuya su dubi kewaye a na biyu. Gwaje-gwajen Peter Marler da abokan aikinsa sun nuna har cewa zakara ya fi yin kukan shirwa idan akwai wata kaza a kusa. Idan babu mai ji, ba kasafai yake wahalar da kansa ba.

Yadda na'ura take yi

Yanzu mu shiga ɗakin kwamfuta na wata jami'a ko asibiti ko sakatariyar jiha a Dutse. A irin wannan wuri akwai na'urori da dama da aka haɗa da waya: rawuta, wadda ke sada ginin da intanet, na'urorin rarraba layi, waɗanda kwamfutocin kowane ofis ke shiga cikinsu, uwar garke mai ajiye bayanai, da injin batir mai riƙe wuta. Ba zai yiwu ma'aikaci ɗaya ya riƙa zagaya su yana duba lafiyarsu ba. Don haka tun 1988 aka fito da wata ƙa'idar magana tsakanin na'urori mai suna SNMP, wadda har yanzu ake amfani da ita.

A wannan tsari akwai kwamfuta guda da ke zaman cibiyar sa ido. Takan bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, a ce duk minti biyar, tana tambaya: kina nan? Yaya zafin jikinki? Saƙo nawa ya wuce ta kanki? Wannan kamar nas ce mai zagayen gadaje. Amma minti biyar na da tsawo idan wani abu ya lalace, saboda haka aka ba kowace na'ura damar yin kuka da kanta ba tare da an tambaye ta ba. Masu fasahar suna kiran irin wannan saƙo da wata kalmar Ingilishi mai ma'anar tarko, don haka mu ma za mu ce masa saƙon tarko: abu ya taka, ya tashi. A ƙa'idar farko an ware 'yan kaɗan da kowace na'ura ta sani, kamar "yanzu aka kunna ni", da "layi kaza ya yanke", da "layi kaza ya dawo", da "wani ya nemi shiga da kalmar sirrin da ba daidai ba". Aka kuma bar wa kowane kamfani fili ya ƙara nasa.

Ga muhimmin batu: sabuwar na'ura daga kwali ba ta san kowa ba. Ko wuta ta kama a cikinta babu wanda za ta gaya wa, sai idan wani ya zauna ya cika mata jerin masu karɓa. Ga kowane mai karɓa akan rubuta adireshinsa, wato lambar nan ta IP da kowace na'ura ke da ita a kan layi, da kuma ƙofar da saƙon zai shiga, wadda bisa al'ada ita ce mai lamba 162, kamar yadda tambayoyin cibiya ke bi ta 161. Akan rubuta kalmar shaida, domin cibiya ta san saƙon daga ɗan gida yake. A tsofaffin nau'o'in ƙa'idar wannan kalma a fili take tafiya, kuma na'urori da yawa suna zuwa da guda ɗaya daga masana'anta wadda ragwaye ba sa canzawa. Nau'i na uku, wanda aka tabbatar a 2002, shi ya zo da ɓoye saƙo da tantance mai aikowa. Sa'an nan sai babban aikin, wato a faɗa wa na'urar irin labarin da za ta kai wa kowane adireshi. Labarin yankewar layi ya tafi cibiyar masu kula da waya. Labarin yunƙurin kutse ya tafi kwamfutar mai kula da tsaro. Labarin ƙarewar batir ya tafi wurin mai janareta, domin shi ne mai mabuɗin ɗakin inji.

Akwai kuma tacewa ta fuskar nauyi. Wani tsarin rubuta rahoton na'urori mai suna syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980, ya kasa labari hawa takwas, daga 0 zuwa 7. Sifiri na nufin na'ura ta durƙushe gaba ɗaya, 3 kuskure ne, 4 jan kunne ne, 7 kuwa surutun cikin gida ne da sai mai gyara yake bukata. Ana iya cewa uwar garke ta karɓi duka takwas ta adana saboda bincike, amma wayar ma'aikacin dare kada ta yi ƙara sai a kan 0 da 1 da 2.

Wani abin da ɗalibai kan yi mamakinsa shi ne, saƙon tarko ba ya jiran amsa. Kamar a aiki yaro ne a ce "je ka gaya wa Malam", ba a kuma tambaye shi ko ya same shi ba. Idan hanya ta cushe, ko saƙon ya ɓata, shi ke nan. Kuma yaushe hanya ta fi cushewa? Daidai lokacin da abubuwa ke lalacewa. Domin magance wannan, nau'i na biyu na ƙa'idar ya ƙaro wani saƙo mai jiran shaidar isa: idan cibiya ba ta ce "na ji" ba, na'urar ta sake aikawa. Mai hankali yakan kuma rubuta cibiya biyu a jerin, a gine-gine dabam dabam, don kada ya zama wutar da ta ɗauke wa mai kuka ita ce ta ɗauke wa mai saurare.

Illar gaya wa kowa

Mai karatu na iya cewa, to me zai hana a aika komai ga kowa a huta? Ai in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Haka ne, amma kunne yana gajiya.

Wanda ya shiga majema ko layin masu kifi, wari zai buge shi. Bayan rabin awa ya daina ji, alhali warin yana nan. Ƙwayoyin halitta ma idan aka dame su da homon ɗaya ba ƙaƙƙautawa sukan janye wasu makarɓansu daga bango, wato su toshe kunne. Ɗan Adam a gaban allo bai fi su ba. Ranar 24 ga Yuli 1994 wata matatar mai ta yi bindiga a Milford Haven da ke Birtaniya, mutane 26 suka ji rauni. Binciken hukuma ya gano cewa a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Kowace ɗaya gaskiya ta faɗa. Amma wanda aka yi wa kira 25 a minti ɗaya ba zai iya bambance na mutuwa da na tsegumi ba.

Saboda haka injiniyoyi suka koyi wasu dabaru, waɗanda duk jiki ya riga su. Ɗaya ita ce jinkiri. Cibiya ba ta tashin mutum don na'ura ta ƙi amsawa sau ɗaya. Sai ta sake tambaya sau uku ko huɗu tukuna. Misalin da na fi so shi ne na firjin ajiye allurar rigakafi, irin wanda ke asibitocinmu. Ana so sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan ma'aunin da ake sakawa ciki ba ya nuna alamar haɗari ta zafi sai an wuce digiri 8 har awa 10 a jere, domin buɗe ƙofa a ɗauki kwalba ba laifi ba ne. Amma ta wajen sanyi, da zarar an kai rabin digiri ƙasa da sifiri na tsawon minti 60 sai alama ta fito, saboda ƙanƙara tana lalata wasu allurai, irin su ta tetanus da ta ciwon hanta, lalacewar da ba ta gyaruwa. Wanda ya tsara waɗannan lambobi bai yi la'akari da firji kawai ba, ya san halin abin da ke cikinsa.

Wata dabarar ita ce sanin uwa da 'ya'ya. Idan wuta ta ɗauke a gini, kuma mu nan ba baƙon abu ba ne, na'ura talatin za su yi shiru lokaci guda. Cibiyar da ba a tsara ba za ta aika saƙo talatin. Wadda aka koya wa cewa duk talatin ɗin ta bayan na'ura ɗaya suke, saƙo ɗaya za ta aika: uwar ta faɗi. Sai kuma dabarar hawa hawa: a fara gaya wa wanda ke bakin aiki, idan minti goma sha biyar suka wuce bai amsa ba a gaya wa na gaba da shi, idan shi ma shiru a kai ga shugaba. Manhajojin sa ido irin su Nagios, wadda ta fara fitowa a 1999 da wani sunan, suna da gurbin rubuta duk waɗannan, har da sa'o'in da kowane mutum yake karɓar kira.

Shirun da ba lafiya ba

Kishiyar yawan ihu ita ce rashinsa, kuma ta fi haɗari domin ba ta da alama. Ƙwayar cutar kuturta ba cin yatsu take yi ba, kamar yadda mutane suka ɗauka. Jijiyoyin saƙo take lalatawa. Ƙaya ta soki ƙafa, ko garwashi ya ƙona hannu, labari bai isa ba, mutum ya ci gaba da takawa har gyambo ya ci wurin. Likitan nan ɗan Birtaniya, Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Indiya da Amurka, ya taɓa gwada yi musu safar hannu da ta ƙafa masu ma'aunin matsi, da za su yi gargaɗi idan abu ya yi yawa. Aikin bai yi nasara ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu sawa sukan kashe na'urar daidai lokacin da za su yi aiki mai nauyi, don kada ta dame su.

Ni kaina na ɗanɗana irin wannan. A wani ɗakin gwaje-gwaje da na taɓa yin aiki muna da firji mai tsananin sanyi, cike da samfuran jini da muka yi damina biyu muna tarawa. An haɗa shi da na'urar da ke aika saƙo idan sanyi ya ragu, mu kuma muka saki jiki. Wani dogon hutu injinsa ya tsaya. Da muka dawo muka tarar da komai ya narke. Da aka duba, na'urar ba ta yi laifi ba, ta aika saƙo har ta gaji, amma zuwa lambar wani abokin aikinmu da ya tafi ƙaro ilimi waje shekara guda kafin nan, layin ma an rufe shi. Tun da aka kafa ta babu wanda ya sake buɗe jerin. Shi ya sa ƙwararru ke sa na'ura ta riƙa aiko ɗan saƙon "ina nan" a kan kari, kamar bugun zuciya, ta yadda rashin zuwansa shi kansa ya zama gargaɗi.

Mu koma bakin kogi

Labarin ambaliya yana da nasa hawan. A farkon kowace shekara hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da take hasashen ruwa zai taɓa. Daga 2022 kamfanin Google ya shigar da Nijeriya cikin shafinsa na hasashen ambaliyar koguna, mai hangen har kwana bakwai. Waɗannan duk suna da amfani, amma ga wa? Hasashen shekara na mai tsara kasafi ne, da mai gyaran jinga, da malamin gona da zai ba da shawarar irin shuka mai saurin nuna. Ba zai gaya wa magidanci a bakin fadama ko ya kwashe buhunansa yau da dare ba.

A ce an kafa ma'auni mai aika saƙo a Wudil, da wani a gaɓar kogi kusa da Ringim, aka kuma ce mu cika jerin. Da ni ne, karatun kowace awa zai tafi cibiyar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kawai, ya zauna a uwar garke. Wannan shi ne hawa na 6 da na 7. Idan ruwa ya kai alama ta farko kuma yana ci gaba da hawa, sai a gaya wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ofishin ƙaramar hukuma da hakimai, domin su ne masu tanadin mota da kwalekwale da buhunan yashi. Idan ya kai ta biyu, sai dagatai da masu unguwanni na ƙauyukan da ke kwari, da sarkin ruwa da masu fito, da shugabannin makarantu, da mai kula da asibiti saboda firjin nan da muka ambata. Ƙauyen da ke kan tudu kada a tashe shi, don ranar da za a bukace shi ya saurara. Kowane saƙo kuma ya faɗi abin yi, da Hausa ko Fulatanci, kamar yadda zakara ke bambanta sama da ƙasa. "Ruwa ya kai mita kaza" ba umarni ba ne. "Ku fitar da dabbobi da hatsi zuwa makarantar firamare kafin magariba" shi ne umarni.

Wannan jeri hanyar jijiya ce, tana bukatar lambar kowane mutum. Akwai kuma ta homon. Kowace hasumiyar wayar salula tana iya watsa saƙo guda ga duk wayar da ke ƙarƙashinta ba tare da sanin lambar kowa ba, baƙo da ɗan gari, kuma cunkoson layi ba ya tare shi. Japan ta fara amfani da wannan a 2007, Amurka da Holan a 2012. Jamus ba ta kafa nata ba sai a farkon 2023, bayan ambaliyar Yulin 2021 ta kashe mata mutane fiye da 180, duk da cewa masu hasashe sun hango ruwan kwanaki kafin ya zo. Sai dai ƙarfin wannan hanya shi ne haɗarinta. Ranar 13 ga Janairu 2018 wani ma'aikaci a Hawai ya watsa wa jihar baki ɗaya saƙon cewa makami mai linzami na tafe, alhali atisaye ake yi, kuma sai da aka yi minti 38 kafin a aika gyara ta hanyar da saƙon ya bi. Don haka irin wannan shela ta hawan sifiri ce kaɗai, kuma dole a san hannun da ke da izinin taɓa ta.

Duk da haka, akwai waɗanda babu hasumiyar da za ta kai gare su. Matar da ke cikin gida, wayar kuma tana aljihun maigida a kasuwa. Makiyayin da ya yi kwana uku bai sami caji ba. Tsohon da ba ya karatun boko, da almajiran da ke kwana a zaure. Ga waɗannan, na'urar ƙarshe a jerin ita ce lasifikar masallaci, da rediyo, da mai shela, da yaron da za a ce ya shiga gida gida. Injiniyan da ya tsaya a kan wayar dagaci ya ce ya gama, ya yi kamar jijiyar da ta kai saƙo laka amma ba ta isa naman hannu ba.

A Holan ana gwada jiniyar gargaɗi ranar Litinin ta farkon kowane wata da ƙarfe 12 na rana, don a tabbatar tana aiki kuma jama'a su san muryarta. Malamin kimiyya a Ringim ko Taura zai iya yin irin wannan da ajinsa ba tare da sayen komai ba. A sa ɗalibai su zana hanyar da labari zai bi daga gadar Wudil zuwa ɗakin kakar ɗaya daga cikinsu, a rubuta kowane mutum da kowace na'ura da ke tsakani. Sa'an nan a bi zanen gaɓa gaɓa ana tambaya: idan wannan yana barci fa? Idan wayarsa ba caji? Idan an yi masa canjin wurin aiki bara? A ƙarshe a aika saƙon gwaji na gaske daga wannan baki, a duba agogo, a ga minti nawa zai yi kafin ya fito ta wancan, da kuma ko abin da ya fito shi ne abin da aka aika. Watan Mayu ya fi dacewa da wannan gwaji, tun kogi yana rairayi.